Citta Ce Ta Shiga Ido

Jiya a kasuwar Kafanchan wata mota ta wuce ni shaƙe da buhunan busasshiyar citta. Yajin ya bugi hancina, na yi atishawa, sai ga ni a tsakar gidan kakata a Madakiya.

Ina aji uku a makarantar kwana ƙawata ta rasu. Gadonmu ɗaya, ita a sama, ni a ƙasa. A wurin jana'iza fasto ya ce kada mu yi kuka, ta tafi wurin Ubangiji. Ni kuwa, in gaya maka, yarinya ce mai bin doka har wadda ba a kafa ba. Na haɗiye kukan, na haɗiye magana, daga baya abinci ma ya ƙi wucewa. Da na dawo hutu mama ta kai ni addu'a, ta sayo maganin ƙarin jini. Baba, da yake malamin makaranta ne, ya zaunar da ni a gabansa yana jero tambayoyi. Amsata ɗaya ce: ba komai. Ƙarshe ya ce in hutu ya ƙare ban warware ba, karatu ya ƙare ke nan, ba zai mayar da marar lafiya makaranta ba.

Kaka ce ta zo ta tafi da ni. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta dai ce, "Tashi, aiki ya yi mini yawa, kai kana nan kana zaman banza."

Damina ta ɗauke, an haƙe citta, an tara ta tsibi a gindin mangwaro. Matan unguwa sukan zauna kewaye da ita, kowacce da 'yar wuƙarta, suna tsaga ta biyu kafin a shanya. Ba mai kallon fuskar wata, ido yana kan wuƙa. Hira ta tashi, ta mutu, wata ta ɗauko waƙar coci. Ina kewar wannan zaman har gobe.

Wata rana da hantsi suka ɗauko waƙar da ƙawata take yi in tana wanki. Ban san lokacin da hawaye suka ɓalle ba. Kunya ta kama ni, na fara goge ido da bayan hannu. Kaka ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Citta ne ya shiga masa ido," in ji ta. "Ku bar shi ya fita duka."

Matar da ke gefena ta ce, "Ta bana akwai zafi." Suka ci gaba da aiki.

Na yi kuka har da shessheƙa, ba wadda ta ce in yi haƙuri. Can na ga ita ma kaka fuskarta a jiƙe. Ta ce cittar nan ta shiga nata idon tun shekarar da ta binne ɗanta na fari. A ranar na ba ta labarin ƙawata, hannuna na aiki, bakina na zuba. Da yamma na cinye tuwon acca har na nemi ƙari. Da hutu ya ƙare, baba da kansa ya ɗaukar mini akwati zuwa tasha.

Yanzu inji ke tsaga citta a wurare da yawa, kaka kuma ta daɗe da kwanta dama. Ni ma malama ce. A makarantarmu akwai ofishin ba da shawara, da tebur da kujeru biyu suna fuskantar juna, yara kan shiga su fito kamar yadda suka shiga. Akwai wata yarinya a layin baya a ajina da ta daina dariya tun farkon zangon nan. Ranar Asabar zan ce ta zo gida ta taya ni tsince wake, kuma ba zan tambaye ta komai ba.