Kwabo Biyu a Cikin Kalkuleta

Yayata malamar lissafi ce a wata sakandare. Ɗalibai na kiranta Anti Kwabo, saboda darasin da ta fi ƙauna, na auna yiwuwar faruwar abu. Tana da kalkuleta mai faɗin allo, irin mai zana layuka, ta saita ta yadda kowace dannawa tamkar an wurga kwabo biyu ne. Sifili fuskar kwabo, ɗaya kuma bayansa. Yara su yi ta canka suna hayaniya, ita tana dariya, alli har goshi.

Dariyar ta ɗauke ne da ta samu ciki na biyu. Ita da mijinta duk suna ɗauke da ƙwayar sikila, ɗansu na fari kuma da ciwon ya zo. Na sha ganinsa a gadon asibiti yana cizon filo, yatsunsa a kumbure, ita tana riƙe da ƙafarsa ta rasa inda za ta taɓa.

Surukarta ta zo dubiya, ta ce ta kwantar da hankalinta, tunda na farin ya ɗauke musu, wannan lafiya lau zai fito. Yaya ta sunkuyar da kai ta yi godiya. Sai da tsohuwar ta tafi ta jawo jakarta, ta ciro kalkuletar, ta nuna mini allon.

"In ɗaya da ɗaya suka fito tare, shi ne ciwon," ta ce. "Sau ɗaya cikin huɗu. Kuma abar nan ba ta san me ta fitar ɗazu ba. Jini ma haka yake."

Na ce ta ajiye, ba na'ura ke rabon lafiya ba. Ta ce ta sani. Amma ba ta ajiye ba. A kicin tana danna, a layin awo tana danna, ta rame kamar ba mai ciki ba. Wata rana a aji ɗaya da ɗaya suka fito mata a jere har sau uku. Yara suka ɗauki shewa, ita kuwa ta fita ba ta ɗauki ko mayafinta daga kan kujera ba. Daga ranar wani malami ya karɓi darasin.

Mace ta haifa. Da lokacin gwaji ya yi ni na raka ta, don mijin ya ce ƙafarsa ba za ta kai shi ba. Muka zauna a benci, jaririyar na barci, Yaya na kallon bakin duk wanda ya fito daga ɗakin. Can nas ta kira mu, ta ce yarinyar ta ɗauki ƙwayar kamar iyayenta, amma ba ta da ciwon.

Yaya ta sa aka maimaita mata. Sannan ta miƙo mini jaririyar, ta zame ƙasa ta jingina da bango. Muna nan mijinta ya kira, ya ce yaron ya fara zazzaɓi. Ta share fuska ta tashi, muka nufi bakin titi neman mota.