Ƙugiyar da Ta Kusa Raba Mu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina, Malam Sani, mai koyar da ilimin jini a Ƙaura Namoda, amma har yau harafin ɓ yana sa ni murmushi.

Ni yarinya ce da ta taso da littattafan soyayya, ina jiran mai ce mini tauraruwa. Shi kuwa bayan baikonmu sai ya turo mini saƙo ta waya: "Hauwa, kina cikin bargona." Ɓargon ƙashi yake nufi, amma wayoyin lokacin ba su da haruffa masu ƙugiya. Wayar tana caji a zauren Baba a Shinkafi, shi ya fara karantawa. Ya ce an fasa auren.

Washegari Malam ya hau mashin ya zo, ya durƙusa.

"Wane bargo na wanga?" in ji Baba. "Ɗiyata ko ƙofar gidanku ba ta sani ba."

Ya ce wa Baba, "Allah shi gafarta Malam, na ƙashi nike nufi."

Ina laɓe a bayan zaure ya yi bayani. Ya ce a ɓargo ake haifar jini. Uwar ƙwayoyin jini guda ce, 'ya'yanta duka littafin gado ɗaya suke ɗauke da shi. Wasu furotin ne ke buɗe wa kowace shafinta, su rufe sauran. Wadda aka buɗe wa wannan ta zama ja, mai dakon iska. Waccan ta zama fara, mai yaƙar cuta.

"Ita Hauwa wane shafi ta buɗe maka?"

"Na aure, Baba."

Baba ya yi dariya har da tari. Aka ɗaura.

Da yana raye ya ji yanzu masana suna kashe ɗaya daga furotin ɗin nan, shafin jinin jarirai ya sake buɗewa don sauƙaƙa wa masu sikila, da ranar ba mai cin tuwo cikin natsuwa a gidanmu. Da kuma ya tambaya yaushe maganin zai iso wa ɗan makiyayi a Zurmi.

'Yarmu Maryam ta gaji karatunsa, ta gaji tsokanarsa. Ranar nan ta ce in kawo waya ta sake rubuta mini saƙon da ƙugiyarsa, tunda wayoyin yau sun iya. Na ce ta bari. Na yi shekarun aurena cikin duka biyun, bargon da ɓargon. Allah ya jiƙan Malam.