Na je Birkitiri ganin na'urar ƙanena

Mun tashi da asuba daga Bertoua, ni da wani abokin aikina da muke koyarwa tare a lise, wato makarantar sakandare. Kuɗin bas ya ƙaru da jaka guda, kujerar kuwa tana nan yadda na san ta, gwiwa a ƙirji. Manyan motocin katako suka riƙe mu har Abong-Mbang. A Ayos muka sayi gasasshen kifi da rogo, mai sayarwar ta rantse da safen nan aka kamo shi. Cikina bai yarda da ita ba.

Abin da ya kai ni Yaoundé shi ne sutanans ɗin ɗan baffana, wato ranar da zai kare bincikensa na dakta. Ni na koya masa lissafi yana ƙarami. Tare muka so karatun nan, ni na tsaya na kama aiki, shi ya ci gaba.

Taksi ya sauke mu a unguwar Birkitiri da la'asar, cikin hayaƙin tsire da ƙarar kekunan ɗinki. A tsakar gidan Baffa na tarar da ƙanen nawa, maƙwabta sun kewaye shi. Yana riƙe da ɗan gilashi kamar farce, haɗe da waya da mita. Ya ce yana auna UV, hasken ranar da ido ba ya gani amma yake ƙona fata. Da garin zinki kaɗai, in ji shi, na'urar tana da nawar amsawa. Da ya gauraya shi da wani siririn gawayi mai suna girafen, sai ta riƙa amsawa nan take.

Wani tela ya rufa mata atamfa, lambar mitar ta faɗi. Ya canza da siririn mayafi, ta kusa komawa inda take. Mata suka hau salati. Baffa ya dube ni ya ce, "Kai ma ai ka taɓa irin wannan bokon, ko?"

Raina ya sosu. Na ce, "To idan damina ta yi, danshi ya shige ta fa?"

Ƙanen nawa ya ce, "Tana rikicewa, Yaya. Ban gano maganinsa ba tukuna."

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji.

Washegari a wurin sutanans malamansa suka yi masa wannan tambayar. Ya faɗi gaskiya, ya lissafa abin da ya gwada, ya ƙara da cewa yayansa da ya koya masa lissafi ya riga su tambaya. Mutane suka waiwayo suna murmushi, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Ya ci da yabo.

Da muka ƙara kwana muka kamo hanya, mun iso gida bayan magariba. Abin da tafiyar ta nuna mini shi ne ba ƙwaƙwalwa ya fi ni ba, zama ya yi a kan abu ɗaya har ya nuna. Kishin bai sake ni ba har yanzu. Amma jiya na tura masa shafi biyu kan yadda za a tare danshin, ya amsa da cewa ranar Litinin zai gwada.