Kwat ɗin Uwar Ɗakina a Ƙofar Harami

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zai kwashe safiyar da aka tsare ni a ƙofar Harami saboda riga ba.

Hajji ya kawo ni Makka, na zauna ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama. Shekara da shekaru ina aikatau a gidan wata tsohuwar Balarabiya a unguwar Zahir. A kabad ɗinta akwai wani kwat ruwan toka, mai kauri, da manyan maɓallai uku. Ba ƙugu, ba ɗamara. Daga kafaɗa yake buɗewa, yana ƙara faɗi har gwiwa. Ta ce mahaifiyarta ta saye shi a Alƙahira, lokacin da matan Turawa ke yayinsa, wajajen babban yaƙin duniya. "Mace tana tafiya, shi ma yana tafiyarsa a bayanta," in ji ta. "Mai ciki ma in ta sa, ba mai ganewa." Da ciwon ajali ya kama ta, ta ce in ɗauka, nawa ne.

Wata safiya sanyi ya sauko irin wanda Makka ba ta saba gani ba. Na sa kwat ɗin a ƙarƙashin abaya, na bar 'yata tana jego a ɗakinmu na Utaibiyya, na ce zan yi ɗawafi in dawo in dama mata kunu. Ban lura na zama kamar mace biyu a riga ɗaya ba.

Da na isa ƙofar Harami, matar da ke duba jakunkuna ta dube ni sama da ƙasa. "Ya Hajja, ta'ali," wato in matso. Ta shafa gefen rigar, sai hannunta ya tsaya cak. "Esh hada? Mene ne wannan?" Ta kama yatsana ta ɗora a wurin. Wasu abubuwa ne ƙanana, masu tauri, a jere cikin kalmasa, an ɗinke su ɗaya bayan ɗaya.

A unguwarmu ba wanda bai san labarin masu karɓar saƙo a tarar da ƙwaya a ciki ba, kuma kowa ya san hukuncinta a ƙasar nan fille kai ne. Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki. Ina jin talbiyar masu umara a waje, ni kuwa wuyana nake shafawa. Ina tuna 'yata da jaririnta, da kunun da ban dama ba.

Shugabarsu ta shigo, dattijuwa mai tabarau. "Wa ya ba ki rigar nan?"

Sunan gidan uwar ɗakina ya zo har bakin leɓena. In na faɗa, 'ya'yanta za a je a kwaso, mutanen da suka ciyar da ni, suka rufa mini asiri. Wallahi saura kaɗan in faɗa. Na haɗiye, na ce, "Tawa ce."

Aka kawo reza. Zare ya yi ƙas, wani abu ya faɗo ƙasa ya gangara. Na rufe ido ina kalmar shahada.

Sai na ji dariya. Dattijuwar ta ɗauki abin, zagayayye kamar kwabo, baƙi-baƙi. "Dalma ce, ya Hajja! Uwata tela ce. Masu ɗinkin da suna saka ta a kalmasa don riga ta yi nauyi, ta riƙa lilo." Ta yafa kwat ɗin a kafaɗarta ta juya sau ɗaya, ya buɗe ya dawo, kamar yadda uwar ɗakina ta faɗa. Ta miƙa mini dalmar ta ce, "Je ki, ki sa mu a addu'a." Ba wadda ta tambaye ni takarda. Ɗawafin ranar da kuka na yi shi.

Da hannuna na mayar da dalmar na ɗinke. Tun daga ranar ba na sa tufar da aka ba ni sai na bi kalmasarta da yatsa. Amma babban abin da na koya ba a riga yake ba. Na ga yadda tsoro ke kawo sunan masoyinka bakinka kafin ka sani. Duk wanda ya firgita, ya fara riƙe harshensa, domin da na saki nawa a ɗakin nan, da na tozarta gidan da ya rufa mini asiri a kan 'yan dunƙulen dalma.