Gonar da Na Sa a Littafi

A shekarun da gidan buga littattafan Hausa na Zariya ya fara neman marubuta, ina malamin ajin manya a Bunguɗu, ina fama da masu gemu a kan baƙaƙe da wasula. Kafin nan, a wajenmu in ka ga littafi, ko dai na Larabci ne ko na Turanci. Sai ga takarda ta iso ofis a Gusau, wai duk mai tarihin garinsu ya rubuto, in ya yi kyau a buga. Ni kuwa a lokacin ji nake daga Bunguɗu har Tsafe babu mai alƙalami irina.

Wan mahaifina, da muke kira Baba, shi ya san tarihin garinmu Rawayya ciki da bai. Duk Juma'a nakan hau keke in je zaurensa, yana faɗa ina rubutawa. Ya ɗauka don 'ya'yana nake ajiyewa, ni kuma ban gyara masa zato ba, wai ina so in ba shi mamaki. Wata rana ya ba ni labarin yadda kakanmu ya zo garin a shekarar yunwa ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa, maigidan bayan marina ya ba shi aron fadama. A al'ada, duk kaka mai aro yakan kai dami ɗaya gidan mai gona, don kada a manta ta waye. Kakanmu ya yi ta kaiwa har ya rasu, daga nan aka yi shiru, su ba su tambaya ba, mu ba mu kai ba. Fadamar nan ita ke ciyar da gidanmu kaf. Ni dai labarin karamci na ji, na rubuta shi har da ado.

Mutanen Zariya suna da tsarinsu. Suka maido mini da rubutun sun yi masa ja-ja da tawada, na gyara. Suka aiko da shafukan gwaji in duba in sa hannu, na sa hannu ina murmushi. Sai ranar da na buɗe kwalin littattafan a Gusau, na karanta shafin fadamar a tsaye, sannan na gane ɓarnar da na yi. Littafin na ajin manya ne, da ƙarfi ake karanta shi a gaban kowa, kuma jikan mai fadamar yana ajin Rawayya, a sahun gaba yake zama.

Na yi tunanin yage shafin. Na yi tunanin ɓoye kwalin. Amma mota ta riga ta kai wasu garuruwan Mada da Bilbis. Na rubuta wa Zariya ina roƙo, suka amsa cikin ladabi cewa sai dai a bugu na biyu. Haka na yi mako biyu cikin zullumi. Ko ƙararrawar keke na ji a ƙofar gida sai in ce sammacin alƙali ne. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Da abin ya ishe ni, na je na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai. Sai ya tambaye ni:

"An sa sunan gidansu ciki?"

"An sa, Baba."

"Ƙarya ka rubuta?"

Na ce a'a.

"To, mi kaka so in yi maka?"

Da aka yanke gero, Baba ya ɗaura dami da hannunsa, ya ce in ɗauka mu tafi. Hanyar ba ta da nisa. Maigidan bayan marina na yanzu, tsoho ne sa'an Baba, ya karɓe mu da fura, aka yi doguwar gaisuwa. Sannan ya dubi damin ya ce, "Mun ji abin da Malam ya rubuta, mun gode da ba a mance ba. Sai dai ɗiya sun yi muna yawa. Baɗi muna son rabin gabas."

Baba ya ce, "Taku ta."

Wannan rabin shi 'ya'yan Baba biyu ke nomawa. Kafin damina suka kwashe iyalansu suka koma wajen Tsafe neman dajin da za su sare, kuma ba su sake zaman Rawayya ba.

Ranar da suka tashi, Baba ya kira ni zaure, ya miƙo mini littafin, don shi bai iya boko ba.

"Karanta mini wurin, in jiya."

Na karanta, ina fatan ya zage ni ko na samu sauƙi. Da na kai ƙarshe ya gyaɗa kai ya ce, "Daidai ka rubuta, ba ka rage komi ba." Ya juya ya ci gaba da jan carbinsa, ni kuma na rasa yadda zan tashi.