Sawun da Ya Bi Tsohon Rafi

Ni ban yi boko ba. Abin da na sani na gundumarmu, a bakin murhun kakata Iya Tabawa na ji shi, tana tura kara cikin wuta muna ɗumama ƙafa. Dutse na gabas, fadama na yamma, rafi ya ratsa tsakiya. Kotun alƙali kuwa, in ji ta, ita ce ginin farko da aka rufa wa kwano, tun zamanin Bature.

Labarin kotun nan ba ta buɗe shi kamar na Gizo. Sai ta ce, "Ku tashi zaune. Wannan ba a jin sa a kwance."

Wata damina rafi ya bar hanyarsa ya haƙa sabuwa, gonar gidanmu ta koma tsallake. Mutanen can suka ce ai rafi ne iyaka, gona ta zama tasu. A lokacin ba a yanke shari'ar gona a zaune. Dattijon da ya san iyaka ne zai taka ta da ƙafarsa, alƙali na biye. Dattijo ɗaya ya rage, Baba Tanko. Ana gobe za a fita aka binne shi.

"Da safe alƙali ya ce a je dai," in ji Iya, murya ƙasa-ƙasa. "Sai ga sawu a kan danshi, ƙafar hagu na ja, tafiyar Tanko sak. Ya tashi daga tsamiya, ya bi tsohon kwarin rafi, ya karya kwana, ya tsaya a bakin rijiya. Mutanen tsallake suka sakar mana gonarmu."

Yayana ya ce, "Iya, wa ya yi sawun?"

"Kai mai baki, je ka tambaye shi."

Da rani takan ja hannuna mu taka wurin, ni da ita.

Yau ga ni a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, can saman bene. Ɗana Sabi'u, mai sarin wandunan jins a garin Xintang yana aikawa Kano, shi ya kawo ni jegon matarsa, ƙasar na ta hidimar wasannin Olamfik. Sai aka bugo waya daga gida: jikokin mutanen tsallake sun sake kai ƙara, kotu na neman wanda ya san iyaka. Duk sun rasu, sai ni.

Sabi'u ya ce, "Haba Inna, gonar da ko gero ba ta bayarwa?"

Na ce, "Uwata na kwance a gefenta. Ka kai ni filin jirgin Baiyun in koma gida."

Abu ɗaya ban gaya masa ba. Kullum ina jijjiga jaririya ina taka iyakar a zuciyata. Tsamiya ina ganinta. Rijiya ina ganinta. Inda ake karya kwanar ne ya ɓace mini ɗungurungum, kuma babu mai rai da zan tambaya.

Ina yarinya, tsoron mai sawun nake yi. Yanzu tausayinsa nake ji, mutumin da shaida ta hana shi kwanciya. Jirgina ranar Asabar ne. Abin da nake roƙo ke nan: a yi ruwa kafin ranar kotu, ƙasa ta jiƙe, in isa in tarar wani ya riga ni.