Takardun da Suka Zauna a Sokode

Jama'a, ku ji abin da Habibu ya yi mini yau!

Sadakar arba'in ɗin babansa ce, nan Dapaong. Malam Idi na nan, ƙanwata Rabi na nan, danginmu na garin Korbongou sun cika gida. Shi kuwa Habibu, babban ɗana, yana ɗaki da kwamfutar aiki, kashe, kunna, kashe, kunna!

Na leƙa. Ya ce, "Inna, patron, shugabana a wurin aiki, na jiran takardu. Ga sunayensu, sun ƙi buɗuwa. Ban kwafo su ba, ba sa buɗuwa sai da rezo, wato intanet ɗin ofishinmu na Sokode."

Na ce, "To?"

Ya ɗau jaka, sai tashar Sokode!

Malam ya ce babban ɗa ya matso a shafa fatiha. Rabi ta sunkuyar da kai.

Ni da ke takaba na fito cikin maza, na zauna a tabarmar Habibu.